Lahadin da Zaliha ta Shiga Ajin Tanti Hajaratu

Shekara goma sha ɗaya ke nan Hajaratu tana riƙe da makarantar Lahadi a wata ƙaramar majami'a da ke gefen garin Tawa. A wani ƙauye kusa da Madawa aka haife ta, kuma a bakin uwarta ta koyi yawancin waƙoƙin da take koya wa yara. Aure ne ya kawo ta Tawa. Mijinta Yunusu direba ne, yana kai albasa kudu, yakan yi sati biyu bai kwana gida ba. Ita kuwa ƙanƙara da zoɓo take sayarwa. Yara Tanti suke ce mata, har da waɗanda suka girma suka yi aure.

Ajin nata rumfar kwano ce a bayan majami'a, da tabarmi huɗu da allo ɗaya. Manya suna sujada a ciki, ita tana waje da yara. Tun shekarar da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, dattawan ikilisiya suka kafa doka: kada yaron unguwa ya zauna a ajin sai da sanin iyayensa. Hajaratu ta bi dokar nan shekara da shekaru, ba ta taɓa kuskure ba sai sau ɗaya.

Cikin damina ne, ana hutun lakwal, wato makarantar boko, lokacin da gidaje ke cika da 'ya'yan dangi daga ƙauye. Ranar yara sun haura talatin. Tana raba takardu sai ta ga wata baƙuwar fuska kusa da Rakia, ɗiyar ɗaya daga cikin dattawan. 'Yar siririya ce mai shuɗiyar riga da jan ɗankwali.

"Rakia, wa ke nan?"

"Baƙuwarmu ce, Tanti."

Hajaratu ta ɗauka daga ƙauye aka kawo ta. A daidai lokacin wasu biyu suka kama kokawa a kan fensir, ta tafi raba su, ba ta sake tambaya ba.

Ta ba su labarin Zakka, gajeren mutumin nan da ya hau itace don ya hangi Yesu, sannan ta ce kowa ya zana itacen. Suna cikin zane lasifikar masallacin unguwa ta yi ƙara, alhali lokacin salla bai yi ba. Cigiya ce. Ana neman yarinya 'yar shekara bakwai, sunanta Zaliha, ɗiyar Alƙasum mahauci. An aike ta sayen gishiri tun da safe, ba ta koma ba. Shuɗiyar riga, jan ɗankwali.

Hajaratu ta juya a hankali. Yarinyar tana durƙushe tana shafa wa ganye kore, ga ƙullin gishiri a leda kusa da ƙafarta.

"Ke ce Zaliha?"

Ta gyaɗa kai. Rakia ta fashe da kuka, ta ce ajinsu ɗaya a lakwal, a hanya suka haɗu, ita ta ce mata ta zo ta ga fensir masu launi.

Tsoho Muktari mai gadi ya zagayo da sauri, shi ma ya ji cigiyar. Ya dubi yarinyar, ya dubi Hajaratu, ya rage murya.

"Madam, a fidda ta ta ƙofar baya, ta tai gida ita ɗai. Ba wanda ya gani."

Hajaratu ta so ta yarda. Amma ta san yarinyar da aka nema awa biyu sai an tambaye ta inda ta shiga, kuma za ta faɗa. In aka ji an ɓoye ta an kuma sulale da ita ta baya, ba wanda zai saurari bayani.

"A'a, Baba. Ni zan kai ta."

Ta kora yaran cikin majami'a wurin iyayensu, ta raɗa wa fasto abin da ake ciki. Ya ce zai bi ta. Ta ce ya zauna, in aka ga namiji da kwat abin zai fi girma. Ta ce wa Muktari ya kulle ƙyaure bayanta, kada ya buɗe wa kowa. Ta kama hannun Zaliha suka fita ta babbar ƙofa.

Gidan Alƙasum ba nisa, layi uku ne kawai. Ba su gama na farko ba wata mata ta ƙwala kira: "Ga ta nan! Daga coci aka fito da ita!" Nan da nan mutane suka fara bin su. Masu kabu-kabu biyu suka kashe babura suka shiga sahu. Hajaratu tana jin maganganu a bayanta: dama an ce suna jan yara da alewa, dama an ce suna ba su wani ruwa su sha. Wani ya jefo ɓawon kankana ya same ta a kafaɗa. Ba ta waiwaya ba. Zaliha ta ƙanƙame mata yatsu, ta fara kuka.

A ƙofar gida suka tarar da Alƙasum. Wandonsa jiƙe yake har cinya, duk laka. Daga tabkin bayan unguwa yake, inda ya yi ta lalube da sanda yana tsammanin gawar ɗiyarsa zai taɓo. Ya fizge yarinyar, ya shafa kanta, ya duba hannuwanta, sannan ya ɗago jajayen idanu.

"Mi kuka ba ta?"

"Ko ruwa ba ta sha ba, Malam Alƙasum."

"Mi kuka sa ta faɗi?"

"Ba ta faɗi komi ba. Labari ta ji, ta yi zane. Ƙawarta ta biyo. Na gan ta, ban bincika ba, na zaci baƙuwa ce daga ƙauye. Laifina ne ni kaɗai, ba na kowa ba. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri? Kin san inda na fito?"

"Na gani."

Ya karɓi takardar da ke hannun Zaliha, ya juya ta gaba da baya. Itace ne da wani ɗan mutum a kan reshe. Ya dunƙule ta ya yar. Wani saurayi daga baya ya ce a tafi cocin a duba ko akwai sauran yara a ɓoye. Muryoyi suka amsa masa. Hajaratu ta tuna 'ya'yanta biyu suna can bayan ƙyauren da ta sa aka kulle.

Sai labulen zaure ya ɗaga. Kadidiya, uwar Zaliha, ta fito ido kumbure, ta kama Hajaratu a wuyan hannu ta ja ta ciki. Ta tsaya a bakin zaure ta ce wa taron, "Ɗiyata ce ta ɓace, ba taku ba. Matar ga da ƙafarta ta kawo ta. A kira mai unguwa."

Hajaratu ta zauna kan turmi a tsakar gidan da ba ta taɓa shiga ba, tana jin hayaniya ta bayan katanga. Kusan awa guda aka yi kafin mai unguwa da liman suka lallashi mutane suka watse. Washegari aka zauna da fasto da Alƙasum, aka yi magana mai zafi, aka rabu a kan cewa ba za a sake ba.

Dattawa suka rufe ajin wata guda. Biyu daga cikinsu suka so a ba wata riƙon makarantar. Da Yunusu ya dawo daga tafiya ya ji labari, shi ma cewa ya yi ta bari haka nan, ta yi iya nata. Ta ce ta ji, amma ba ta ce ta bari ba. A cikin watan ta je gidan su Rakia sau uku, don yarinyar ta daina cin abinci sosai tun da aka hana Zaliha kula ta. Ta gaya mata kiran ƙawa ba zunubi ba ne, ita Tanti ce ya kamata ta yi tambaya ba ta yi ba.

Ranar da aka sake buɗewa yara goma sha tara ne suka zo, sauran kuwa iyayensu sun riƙe su a ciki kusa da su. Hajaratu ta tsaya a bakin rumfa ta kira kowa da sunansa da na ubansa kafin ya zauna. Sannan ta ɗauko waƙa. Ta rera baitin farko, yaran suka karɓa.