Tokar da Modest Ya Shimfiɗa wa Matarsa

Modest Vreys a bakin wutar kamfanin narka ƙarfen tutiya ya ƙare ƙarfinsa, nan ƙauyenmu na Kempen. Ba shi da surutu, amma in ya kafe a kan magana, gara ka roƙi dutse.

A zamaninsu, tokar da ta rage bayan an kwashe tutiya kyauta ake ba ma'aikata. Baƙa ce mai tsakuwa, ba ta riƙe ruwa, ciyawa ba ta tsirowa a kanta. Da muna da wayo, da mun tambayi abin da ciyawar take gudu. Ba mu tambaya ba, godiya ma muka yi. Duk Asabar Modest zai turo baro cike, ya shimfiɗa tun daga bakin ƙofa har tsakanin kunyoyin kabeji da dankali, don kada matarsa Godelieve ta taka taɓo. Bai iya daɗin baki ba, wannan ce soyayyarsa.

Ciwon ƙoda ya ɗauke Godelieve. Bayan shekaru, mutanen hukuma suka zo suka ɗebi ƙasa suka auna, suka ce tokar nan guba ce, tana bin ruwa ta shiga ganye. Za a kwashe ƙasar kowane gida har gwiwa, a zuba sabuwa. Duk layin muka yarda, ban da Modest.

'Yarsa Hilde ta same shi a lambu yana cirar albasa.

"Baba, kai kaɗai ka rage."

"Shekara nawa nake cin ganyen nan? Kin ga na faɗi?"

"Kai ko ƙusa ka haɗiye narkewa za ta yi. Fien fa? Yarinyar da komai ta tsinta sai baki?"

Fien ita ce jikarsa tilo.

Modest ya ce, "Uwarki a kan hanyar tokar nan ta goye ki."

"Na sani. Ina take yanzu?"

Ba ta so maganar ta fita haka ba, amma ta riga ta fita. Ta share ido ta ce, "Fien ba za ta sake taka gidan nan ba sai an haƙe."

Mutane suka ce rowar lambu ce. Shirme! Wa zai rabu da jika saboda kabeji? In ya bari aka haƙe, ya yarda ke nan da hannunsa ya turo wa matarsa abin da ya ci ta. Likita bai taɓa faɗa masa haka ba, bai kuma taɓa ce masa a'a ba.

Lokacin sanyi ya zo ya wuce, kujerar yarinyar tana jingine da bango. Ranar haihuwarta ya yi mata miyar albasa kamar kullum, ya kai har gidansu. Hilde ta karɓa ta yi godiya. Yana juyawa ya ji ana tuttule ta a magudana.

Da safe ya aika a kira masu haƙa. Ya tsaya da hularsa a hannu, motar haƙa tana yashe hanyar tana lodawa.

Direban ya leƙo ya ce, "Tsoho, matsa mana, kada in haɗa da kai."

"Haɗa, yaro. Ai na fi ƙasar cika da gubar."

Lahadin da ta biyo aka kawo Fien. Ta tsuguna a sabuwar ƙasa tana dumbuza, shi kuwa yana zaune a dokin ƙofa, bai ce mata bari ba.