Kiret Dubu na Ƙwai Zuwa Ɗakin Maigadi

Ni, Babban Darakta na wannan kamfani mai raba kayan abinci, a madadin hukumar gudanarwa, ina sanar da ma'aikata rasuwar injiniyarmu, wadda kowa ke kira Anti Injiniya. Mai abu ya karɓi abinsa ranar Talata, tara ga watan Maris, bayan jinyar kwana huɗu. Daga gare Shi muka zo, can kuma za mu koma.

Anti, kafin zuwanki odar kaya a takarda take yawo. Kanti ya aiko, akawu ya kwafa, ya buga waya gona, gona ta ji rabi. Kifi ya sha narkewa a bakin ɗakin sanyi saboda ba wanda ya san motarsa na tafe. Ke kika haɗa kwamfutocinmu da na gonaki da na kantuna, suka koma magana da juna kai tsaye: kanti na neman kaya, gona ta sani, mota ta tashi. Shekara guda kina wannan aiki a ɗan ofishin nan na kusa da sikeli, da butar shayinki da tabaran da kullum kike nema alhali yana kanki.

Akwai abin da kika rufe, yau zan buɗe shi.

Lokacin gwaji kin rataye ƙaramar kwamfuta a rumfar lodi, kika ce kowa ya koyi hannu, duk abin da aka rubuta a ciki ba ya zuwa ko'ina. Cikin direbobi akwai wani shaƙiyyi, makarantar allo kaɗai ya yi, bokonsa bai wuce karanta lambar mota ba. Ya mayar da kwamfutar abin wasa, abokan aiki na nuna masa inda zai danna. Yau ya yi wa mai shara odar tirelar kankana, gobe ya yi wa akawu odar buhun barkono wai ko bakinsa ya huta. Ana ta dariya.

Ranar Litinin da aka kunna sabon tsari da gaske, direban ya makara, bai ji sanarwa ba. Baba maigadi kuwa kullum kukansa ƙwai na wucewa ta ƙofarsa bai taɓa ɗanɗanawa ba. Sai shaƙiyyin ya danna masa odar ƙwai kiret dubu, adireshi: ɗakin maigadi. Saƙo ya tafi. Kwamfutar gonar kaji ba ta san wasa ba. Ta amsa, ta ware mota, ta janye ƙwan da aka tanadar wa kantuna shida da ɗakin girkin wani asibiti.

Ke kika gani. Kika buga waya gona an riga an loda rabin mota, kika ba su haƙuri har suka sauke. Sannan kika sa aka kira shi. Ya shigo ya san kora ce, ga mahaifiya a wuyansa, ga matarsa da ciki wata bakwai.

Kika dube shi ta saman tabarau kika ce, "Kai, ƙanena, ɗakin Baba da ko tabarma biyu ba ya ci, ina za a jera kiret dubu?"

Ya ce, "Anti, wallahi na ɗauka gwaji ne."

Kika ce, "To gwajin ne. Ka nuna min na gina ƙofa ban sa mata sakata ba. Tsarin da zai aika kaya adireshin da bai sani ba, laifina ne kafin naka."

A rahotonki kin rubuta cewa an gano ɓaraka an toshe. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma ambaci suna ba. Hukuncin da kika yanke masa shi ne kullum bayan ya ajiye mota ya zo ya zauna rabin awa, ya yi ƙoƙarin ɓata miki tsari da duk shaƙiyancin da Allah ya ba shi. A kujerar ofishinki ya koyi karatun boko, kina gyara masa baƙi baƙi ba tare da kin taɓa yi masa dariya ba. A nan ya gano cewa wajen rubuta ranar lalacewar kaya, kamfanin madara na rubuta wata kafin rana, mu muna rubuta rana kafin wata, har madarar da ta kusa lalacewa take fitowa kamar sabuwa. Kin gyara, kin kuma faɗa a taro cewa direba ne ya gano. Ranar ya kasa cin abinci don daɗi.

Allah ya jiƙanki, Anti. Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa bayinsa, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makoma. Ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da Hajiya mahaifiyarki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci abin da ta bari.

Saura magana ɗaya. Babban Darakta bai san da wannan takarda ba, sai ya gan ta manne a allon sanarwa. Na ari kujerarsa ne don na san in an ga sa hannun direba ba mai tsayawa ya karanta. Ranka ya daɗe, ni ne direban motar sanyi mai lamba huɗu, ni na yi odar ƙwan. Shekara biyu tana riƙe da sirrin, ni kuma ba zan iya barin alherinta a ɓoye don tsoron kora ba. Mukullin mota na aljihuna, in ka nema zan kawo. Amma a sani, 'yar da aka haifa min sunan Anti ta ci, kuma duk harafin da ke takardar nan ita ta koya min.