Gilashin da Habibu Ya Bar wa Inna

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne ƙanena Habibu a Toranke, ana tsaka da cirar gyaɗa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari wani ɗan gilashi ne da bai kai kwalin ashana faɗi ba.

Kimiyya ya karanta, har ƙasar waje. A zuwansa na ƙarshe ya fito da gilashin a tsakar gida, ya ɗaga wa rana, sai ga shi jawur. Ya ɗan karkata shi, launin ya sauya. Ya ce ƙwayoyin zinariya ne a jere a kai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu.

"Yaya, kamar shukar gyaɗa ce," in ji shi. "Tazarar da ka bari tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ita ke sauya launin."

Na ce ashe duk bokon nan noma ka je ka yi. Ya yi dariya har da tari, tarin da ba mu ɗauka a bakin komai ba. Sannan ya miƙa wa Inna, mahaifiyarmu, ya ce kada a taɓa fuskar gilashin.

Yau ko a kemis ɗin Gaya ana gwajin zazzaɓi, jan layi ya fito. Habibu ne ya taɓa gaya mini jan nan ma ƙwayoyin zinariya ne. Duk sanda na gani sai in tuna shi. Da yana nan, da ya tsare mai kemis da bayani har masu jira su watse.

Ita kuwa Inna, a wurinta abin da ake so goge shi ake yi. Kowace Juma'a takan ciro gilashin daga adaka, ta goge da gefen mayafi, kamar yadda take wa tasoshinta. Ina kallo jan yana raguwa. Na san aikin hannunsa na ƙarshe ne ke tafiya, kuma sau da dama na yi niyyar ɓoye shi. Na kasa.

Yanzu gilashin fari ne tas, idon Inna kuma ya yi yana. Zinariyar ta bi mayafi, abin da ya rage na Habibu shi ne hannun da ke gogewa.

Juma'ar da ta wuce ta ɗaga shi ga rana, ta ce, "Kai, duba mini. Har yanzu ja ne?"

Na ce, "Ja ne, Inna."

Allah ya gafarta wa Habibu. Ni ma ya yafe mini.