Ramar da Na Yi wa Guɗa

Ni ce na sa mijina ya fara rage ƙiba, kuma duk unguwarmu ta Biafra babu wanda bai sani ba, domin ni ba na iya yin abu shiru. Tela ce ni, ina ɗinkin mata a wani ɗan shago da ke bakin gidan hayarmu a Treichville. Shi kuwa Alhaji albasa yake sayarwa buhu-buhu a kasuwar Marché Gouro, can unguwar Adjamé, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa tun zuwansu daga Nijar. Shekararmu ashirin da biyu da aure a lokacin, 'ya'yanmu huɗu.

Alhaji mutum ne mai jiki. In zai ratsa tsakar gida sai maƙwabta sun janye bokitansu daga hanya. Da safe ya tsaya wurin mai shayi ya sha madara mai kauri da burodi da ƙwai, da hantsi ya ci garba, wato aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi, azahar shinkafa, la'asar aloko, wato soyayyar ayaba, yana ɗigar mai, sannan ya dawo gida ya tambaye ni ina tuwo, sai ka ce wanda ya wuni da azumi. Mutanenmu ba sa ganin laifin wannan. A wurinsu tumbi shaida ce ta kasuwa na tafiya, matar gida kuma ta iya tukunya. In mun je biki tsofaffi sukan dafa ni su ce, "Sannu da ƙoƙari, kin riƙe shi da kyau." Ni ma, tsakanina da Allah, maganar tana yi mini daɗi.

Sai ranar da jiri ya kayar da shi a kan buhunan albasa. Likitan da ya duba shi ya ce jininsa ya hau sosai, ciwon sukari kuma yana bakin ƙofa. Da Faransanci ya yi bayanin, ni ce na yi makaranta, don haka ni ya kalla. Ya ce in mutumin nan bai sauke nauyi ba, kada mu yi mamakin abin da zai biyo baya. Alhaji yana ta murmushi yana gyara hula. A hanyar gida na yi rantsuwa a raina ba zan zama gwauruwa saboda aloko ba.

Washegari na kafa doka. Na ɗauke suga, na rage mai da gishiri, na hana soye-soye. Abincin rana ni nake haɗa masa a kwano mai murfi: dafaffen kifi, kabeji, tumatir, 'yar shinkafa cikin tafin hannu. Ranar farko ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo.

"Madam, wannan na ragon layya ne ko nawa?"

"Naka ne, Alhaji. Ragon ma ya fi ka jin magana."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya rufe kwanon ya sa a leda. Tun ranar yake kira na Madam Rejim, da yake rejim ake ce wa dokar rage ci da Faransanci, har yara suka ɗauka.

Sai tafiya. Na ce daga yau babu shiga mota, da ƙafa zai riƙa zuwa kasuwa: ya haye gada, ya ratsa unguwar Plateau, ya miƙe har Adjamé. Watan farko ni nake raka shi zuwa ƙarshen gadar bayan sallar asuba, don na san halin kayana. Da farko kunya yake ji a gan shi yana jerawa da mace a titi, yakan ba ni tazarar taku biyar. Amma da mun hau gada, inda babu idon 'yan unguwa, sai ya rage sauri in cim masa. Yana haki yana ba ni labarin garinsu, da yadda yake satar rake yana yaro, da wata jaka da ta taɓa kayar da shi a kududdufi. A ƙasanmu jiragen ruwa na wucewa cike da ma'aikata. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa samun mijina ni kaɗai na tsawon rabin awa a wajen gida ba sai a kan gadar nan.

Kowace Juma'a, kafin ya sa babbar riga, nakan zaro tef ɗina na awo in zagaya cikinsa. In ya ragu ko da faɗin yatsa ne sai in rangaɗa guɗa, matan gida su leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Wandunansa ni nake rage su da kekena. Cikin wata shida jininsa ya sauka, numfashinsa ya daidaita, likita ya yaba mana ya ce mu dawo bayan wani lokaci. Ba mu koma ba. Ina kai shi kantin magani a auna jinin, yana kyau, me kuma za mu je nema?

Mutane fa ba su bar mu mun sha ruwa ba. A kasuwa aka ce jarinsa ya karye. A masallaci wani ya ba shi lambar mai maganin sammu. Matan gidanmu kuwa cewa suka yi na mallake shi ina kashe shi da yunwa. Ni da ma bakina ba ya da linzami, duk wadda ta taɓa ni sai na wanke ta tas. Nakan ce musu jahilci ne ke damun su, su da suke ganin kumburi su kira shi lafiya. Na yi wannan faɗan har na saba, har ya zama duk wanda ya buɗe baki da kalmar rama, kafin ya rufe na riga na tanadi amsarsa.

Da damina ta shigo sai ramar ta ƙara sauri. Tuwon dare ma yakan yi loma uku ya ture. Ni kuma in ce, "Ka gani? Cikin ya saba, ya daina roƙo." Wandon da na rage wancan watan sai in sake rage shi wannan watan, ina ɗinki ina waƙa.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune a Adjamé wurin ƙanensa. Alhaji ne ɗanta na fari, ita kuma tsohuwar gida ce mai riƙe da kunyar ɗan fari yadda aka yi ta a da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ya je gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ko ranar da ya faɗi a kasuwa ba ta zo asibiti ba, ƙanensa ta aiko. Gidanmu kuwa in ba suna ake yi ba, ba ta taka shi. Ni haifaffiyar Treichville ce, uwata ta yi goyon ɗanta na fari a bainar jama'a, don haka na san al'adar da ka, amma ban san nauyinta ba. A zuciyata na ɗauka tsohuwar ba ta damu da shi can-can ba.

Wata Laraba da hantsi ina kan keke sai ga Inna a ƙofar shago, ita kaɗai, da ƙwaryar fura a hannu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta hau motar haya biyu kafin ta iso. Na shimfiɗa mata tabarma. Ta gaishe ni, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ɗinki, ta yaba wani leshi da ke rataye. Sai da ta miƙe za ta tafi, tana neman takalminta da ƙafa, idonta a ƙasa, ta ce:

"Ɗiyata, mutumin ga naki. A kai shi a duba."

"Inna, ai rejim ne. Likita da kansa ya ce ya rage."

"Na jiya. Amma ni na san ramar yunwa, na gan ta gida shekarun fari. Wagga ba ita ba ce. Na hange shi ta baya ran kasuwa, wuyan nan bai yi mini ba."

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi mata, irin wadda ake yi wa tsoho in ya faɗi abin da zamani ya wuce. Na ce ta kwantar da hankalinta, ɗanta bai taɓa lafiya irin ta yanzu ba. Na raka ta bakin titi, na dawo na raba wa yara furar, tunda akwai suga a ciki.

Da yamma na ba Alhaji labari ina kwaikwayon muryarta. Bai yi dariya ba. "Inna ta zo nan?" in ji shi. Na ce ta zo. "Ta yi maganata? Da bakinta?" Sau biyu ya tambaya, sannan ya tashi ya ɗauki buta. Duk ɗan garinsu da ya ji cewa matar nan ta haye ruwa ta ambaci ɗan farinta a gaban suruka, ya san gobara ce ta tashi. Ni sai na ɗauke ta cikin masu surutu, na ci gaba da haɗa kwanon kabeji wata uku cur.

Ranar da idona ya buɗe, kayan wata amarya zan kai, na je tashar jirgin ruwa ta Treichville da safe. A kan benci na hangi wani tsoho ya haɗa kai da gwiwa, riga ta yi masa yawa, ƙashin wuyansa a waje. Har na ce a raina Allah sarki, bawan Allah nan ba shi da lafiya. Sai na ga ledar kwanona a gefensa.

Abin kunya, fushi ne ya fara zuwar mini. Na tsaya a kansa na ce, "Ashe jirgi kake hawa? Ashe ha'intata kake yi?"

Ya ɗago, bai ko firgita ba. "Zauna, Madam."

Na zauna. Ya ce wata huɗu ke nan rabonsa da haye gada da ƙafa, ƙafafun ba sa ɗaukarsa. Abincin da nake haɗa masa masu dako yake ba, don in ya ci sai ya tsaya masa a ƙirji, wani lokaci ya dawo. Akwai ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa da ba ya barin sa. Ya daina tafiyar, ya daina komai, nauyin kuma bai daina zubewa ba, a nan ya gane.

"To me ya hana ka faɗa mini, Alhaji?"

"Tsoro, ɗaya. Na biyu kuma, na ga kina murna. Tun da na auro ki ban taɓa yin wani abu da ya faranta miki kamar wannan ba. Na ce bari in ƙara miki sati guda, sai satin ya yi ta ƙaruwa."

A tashar nan, gaban 'yan makaranta da masu sayar da burodi, na yi kukan da ban yi ba ko ranar mutuwar ubana. Kayan amaryar ma a bencin na manta su.

A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka zura masa wani bututu ta baki. Ciwon daji ne a ciki, ya riga ya bazu. Likitan ya tambaye ni tun yaushe yake ramewa haka. Na fara ce masa ai rejim ne, sai ya tare ni. Ya ce rage cin da tafiyar ba su ne suka jawo ciwon ba, in cire wannan a raina. Ban tambaye shi ko da mun zo da wuri da an yi wani abu ba, don na ga amsar a yadda ya rufe takardun.

Na dawo da shi gida na hau girki kamar mahaukaciya. Tuwon shinkafa da miyar taushe da man shanu, aloko, gasasshen nama, shayi mai madara har cokali na tsayawa. Duk abin da na hana shi shekara guda na jera masa a gabansa. Yakan ɗauki loma don kada in ji haushi, ya juya ta a baki, ya ce, "Ya yi daɗi, Madam," ya nemi inda zai tofar in na juya baya. Sati bakwai ya yi, ranar wata Litinin bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Inna ta zo zaman makoki ta zauna a kusurwa da carbinta. Ba ta yi kuka ba, uwa ba ta kukan ɗan fari a idon jama'a. Matan da na sha zagi suka yi ta shigowa suna yi mini gaisuwa, babu wadda ta tuna mini da komai, wannan ma ya fi zagin ciwo. Sai bayan addu'ar bakwai, da ɗaki ya rage daga ni sai ita, na ja jiki na durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yafe mini. Kin faɗa mini, na yi miki dariya."

Ta daɗe tana jan carbi.

"Tashi, ɗiyata. Ke ba ki jiya ba, ni kuma ban hwaɗa da ƙarhi ba. Ranar nan da na fito shagonki na tsaya bakin titi, na ce in koma in kama hannunki in yi miki ihu, in ce ɗana ne, mutuwa yake. Kunya ta hana ni. Na shiga mota na tahi gida."

Sai ta ja mayafinta ta rufe fuska, na ji kukan yana fita a hankali. Na riƙe ƙafafunta, muka zauna a haka har aka kira la'asar.