Hannun Delou da Ba Ya Jin Zafi

Duk Bahaushiyar da ta haihu a Riyad cikin shekara goma sha ɗayan nan, in dai ta yi wankan jego na gaske, to Delou ce ta yi mata. Likitoci ne, nas-nas ne, matan injiniyoyi ne, duk bokonsu, ranar da aka sauka sai ka ji uwa daga Kano ko Katsina tana faɗa a waya: "An samu mai wanka kuwa?" Sai a tura mota unguwar Shumaisi a ɗauko Gwaggo Delou, da tukunyarta da ƙunshin busasshen ganyen darbejiya da masu zuwa Umara ke yo mata tsaraba.

Mutuniyar Maraɗi ce, gajeriya, ga baki kamar reza. Da aikatau ta shigo ƙasar, ta shekara biyu tana goge ƙasa a wani hamam na mata, wato gidan wankan tururi, a unguwar Badi'a. Can ta ga duniya. Ta ga 'yan Maroko suna dirje mutum da baƙin sabulu har dauɗa ta riƙa murmushewa, ta ga 'yan Sudan zaune kan ramin hayaƙi lulluɓe da bargo. Har labarin wasu Turawa aka ba ta, wai ɗakin katako suke shiga su gasa kansu, su fito su faɗa ruwan ƙanƙara. "Aikin banza," in ji Delou. "Mutum bai haihu ba, bai yi zazzaɓi ba, ya kama dafa kansa? Allah ya sawwaƙe."

Mata suna yabon hannunta. Tukunya na tafasa za ta tsoma yatsu ta juya ganye, ko ƙifta ido ba ta yi, su ce ƙwarewa ce. Ina! Hannun ya mutu ne. Ba ma hannun kaɗai ba, fatarta duka. Ranar Riyad da ke narka takalmi a kan kwalta, ita ba ta san ana yi ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don wa zai miƙa mai jego ga matar da ba ta bambance tafasasshen ruwa da na randa?

Abin ya same ta ne ranar da aka fita da gawar Sahadatou, 'yarta tilo. Haihuwar fari ce, yarinya ta zo wanka gida, Delou kuwa ta ce sai Maraɗi ta ga jego. Ruwa safe da yamma, gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, kunun kanwa kwano-kwano. Yarinya ta ce, "Inna, ya yi zafi." Delou ta ce, "Daure, haka aka yi mini." Da aka haura kwana ashirin ta ce, "Inna, dubi ƙafata." Ƙafa ta kumbura suntum. Delou ta ce sanyi ne ya shige ta, ta ƙara itace. A kwana na talatin da ɗaya numfashi ya gagara. Jama'a suka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma Delou ta san wanda ya hura wutar. Dangin uba suka ɗauki jaririn, ita kuma ta rantse ba ita ba wanka.

Rantsuwar ta karye a Riyad, sa'ad da wata maƙwabciya ta haihu ba uwa ba uwar miji. Tsakiyar bazara ce. Delou ba ta san cewa tankin da ke saman bene yana yini yana dahuwa ba, famfon da ake kira na sanyi shi ma ƙuna yake fitarwa. Ta sirka tafasasshen ruwa da shi, ta tsoma ganye, ta ɗaga hannu za ta fyaɗa wa matar a baya. Sai ta ji a bayan kunnenta, daga cikin tururi:

"Inna, ya yi zafi."

Ganyen ya suɓuce. Duk faɗin Saudiyya ba mai ce mata Inna. Ta waiga, ba kowa sai madubi da ya yi gumi. Mai jegon ta sa yatsa a ruwan, ta ƙwalla ƙara. Da Delou ta fyaɗa, da fata ta saluɓe.

Tun daga ranar haka take aiki. Ta zuba, ta sirka, ta karkata kai ta yi tsit. Mata suna zaton addu'a take. In muryar ta zo, ta ƙara ruwan da ya kwana a bokiti. In shiru, ruwa ya yi daidai. Tana jin tsoron muryar, wallahi duk sa'ad da ta ji ta gashin jikinta tashi yake. Amma tana sonta. Ranar da ba aiki sai ta rufe ɗakinta, ta ɗora tukunya, ta zauna cikin tururi don kawai ta ji an ce Inna. Fargabarta ɗaya a duniya, kada 'yar wani ta sake salwanta a hannunta.

Bara aka kai ta gidan Musbahu, injiniya a Birnin Masana'antu na Biyu, matarsa Fiddausi ta yi haihuwar fari. Yarinya mai haƙuri, ko uffan ba ta cewa. Ranar kwana ashirin da shida, da hantsi, Delou ta sirka ruwa ta saurara. Shiru. Ta ɗaga ganye.

"Inna."

Ta ƙara na sanyi.

"Inna."

Ta juye bokitin duka, har tururi ya ɗauke, madubi ya fara washewa. Muryar ba ta taɓa zuwa ba tururi ba. Sai ga ta, kusa, kamar an jingina haɓa a kafaɗarta:

"Inna, dubi ƙafarta."

Delou ta durƙusa. Ta danna ƙaurin Fiddausi da babban yatsa, ta ɗaga. Rami ya zauna, bai ciko ba.

"Tun yaushe, 'yar nan?"

"Kwana huɗu, Gwaggo. Ko kwanciya ba na iyawa, sai a zaune." Ta tsaya ta ja numfashi. "Na kira Mama a waya, ta ce sanyi ne ya shige ni. Ki ƙara zafin ruwan, zan daure."

Delou ta sa ƙafa ta ture bahon. Ta fito tana kiran Musbahu, yana bakin ƙofa da makullin mota. Ya ce, "Gwaggo, bari in dawo daga aiki mana, sai..." Ta ce, "Aikin uwar wa? Ɗauke ta yanzu, ko in goya ta in hau titi!"

A asibiti suka ce zuciya ce ta raunana, ruwa ya fara taruwa a huhu. Likita ya ce an yi sa'a da aka zo yau. Fiddausi ta rayu, ɗanta har ya fara tafiya.

Da la'asar ɗin ranar Delou ta koma Shumaisi, ta rufe ɗaki ta ɗora tukunya. So take ta ce wa 'yarta, na duba, wannan karon na duba. Ruwa ya tafasa, tururi ya cika ɗaki. Ta karkata kai.

Shiru.

"Sahadatou?"

Ta ƙara wuta, ta jira har ruwan ya ƙone rabi. Ba wanda ya ce Inna. Ta miƙa hannu cikin tukunyar kamar yadda ta saba, sai ta fizge shi da ihu. Yatsu huɗu suka tashi jawur, azaba ta tafi har ƙwaƙwalwa.

Ta zube a ƙasa riƙe da hannun, ta fashe da kuka. Ashe haka yarinyar ke ji, safe da yamma, kwana talatin da ɗaya.