Ƙuri'ar Jazuli

Wata rana wani baƙo ya karɓi shebur daga hannuna a bakin kabarin ɗana. Ban san shi ba, ban kuma tambayi sunansa ba.

Ni mahauci ne, mutumin Funtua. Shekara goma sha huɗu ke nan ina aiki a mayankar halal da ke bayan garin Melbourne, a ƙasar Ostareliya. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ɗana Jazuli yana da shekara biyar muka zo da shi. Nan ya tashi, nan ya kamu da son ƙwallon mutanen nan.

Ba irin tamu ba ce. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda. Da hannu ake kama ta, da ƙafa ake buga ta, kuma ba raga, sai sanduna huɗu a kowane gefe.

Duk Asabar sai ya tsaya a ƙofa da jakarsa.

"Baba, ka zo ko sau ɗaya."

"In bar aikina in je in kalli ƙarti suna kokawa a kan gwanda?"

Sai ya yi dariya ya tafi.

Ban taɓa zuwa ba. Ko sau ɗaya.

A wasan nan akwai abin da 'yan kallo suka fi so: mutum ya yi tsalle, ya ɗora gwiwa a kafaɗar abokin karawarsa, ya cafe ƙwallo a sama. Doka ta yarda da haka. An ce Jazuli gwani ne a wannan.

Ranar da abin ya faru, ya hau kafaɗar wani mai tsaron baya na ɗaya ƙungiyar. Wancan ya juya. Jazuli ya faɗo a kan wuyansa.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Shekararsa goma sha tara. Allah ya jiƙansa.

Ban tambayi sunan mai tsaron bayan ba. Lambar rigarsa kawai aka faɗa mini: ashirin da bakwai. Na riƙe lambar nan a zuciyata, na kwana da ita, na tashi da ita.

A maƙabartar nan mota ce ke tura ƙasa ta rufe kabari. Muka ce a'a, namu da hannu za mu rufe. Mu kuwa ba mu da yawa, kuma yawancinmu mun manyanta. Na zuba shebur uku, na kasa ci gaba.

Sai wani dogon Bature mai jan gashi ya matso. Ya miƙo hannu, na ba shi shebur.

Bai ajiye ba sai da kabarin ya cika. Na ga tafin hannunsa ya sale.

Ya biyo mu gida. Ya ga an cire takalmi, ya cire nasa. Ya zauna a ƙasa tare da mu, ƙafafunsa sun ƙi naɗewa, yana ta gyara zama. Uwar Jazuli, Rakiya, ta aiko da kunu. Ya riƙe kofin da hannu biyu ya shanye, duk da na ga alamar bai saba ba.

Kwana uku na zaman makoki yana zuwa. In zai tafi sai ya durƙusa ya ce, "Sannu, Baba," yadda ya ji mutanenmu suna faɗa. A bakinsa kalmar a karkace take fitowa.

Na ɗauka abokin karatun Jazuli ne.

Bayan wata biyu wani koci ya kira ni. Ya ce duk ƙarshen kakar wasa ana tsamo gwanaye ashirin da biyu daga ƙungiyoyin yankinmu, a haɗa su ƙungiya ɗaya su kara da na wani yankin. Sunan Jazuli yana ciki, kuma sun ƙi cire shi.

Ya ce al'adarsu, 'yan wasan ne ke zaɓen kyaftin da ɗaga hannu. Ƙuri'ar Jazuli ni za a ba.

Na ce su wa ke nema?

Ya ce mutum biyu aka tsayar. Ɗaya shi ya fi kowa cin ƙwallo a bana. Ɗayan kuma, mai lamba ashirin da bakwai.

Na ce zan zo.

Na faɗa wa Rakiya cewa ba don in zaɓi kowa zan je ba. Zan je ne in kayar da mutum ɗaya, a gaban abokansa.

Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ma fa ba ka ga yadda abin ya faru ba."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Amma na tafi.

Ɗakin canza kaya ne, yana warin man zafi. Samari ashirin da ɗaya a zaune a kan benci. Koci ya ce don girmama Jazuli, ni zan fara ɗaga hannu.

Na dubi fuskokinsu, na gane abu ɗaya. Duk inda na ɗaga hannu, nan za su bi.

Aka kira na farko, ya miƙe. Yaro mai kirki ne, har furanni ya aiko mana lokacin rasuwa.

Aka kira na biyu.

Mai jan gashi ya miƙe.

Kafin kowa ya yi magana ya ce wa koci a cire sunansa, ba ya nema.

Na tashi na je gabansa. Turancina guntu ne, amma ya isa.

"Kai ne ashirin da bakwai?"

"Ni ne, Baba."

"Kwana uku kana zaune a ɗakina. Me ya hana ka faɗa?"

"Da na faɗa, da ka karɓe shebur ɗin."



Na tuna ranar Asabar ɗin. Yaron nan yana wurin. Ni ina mayanka. Shi ya ji nauyin ɗana a kafaɗarsa, shi ya ga faɗuwarsa, kuma bai ɓuya ba. Ya zo inda za a iya zaginsa, a kore shi, ya tsaya ya yi aikin da hannuna ya kasa.

Ni da na haife shi, filin da ke bayan gidanmu ma na kasa zuwa.

Na juya na tambayi koci, mene ne aikin kyaftin?

Ya ce shi ke fara fita fili, kuma in abu ya lalace shi kowa ke duba.

Na ce to a mayar da sunansa.

Na ɗaga hannu.

Wanda ya fara bina shi ne mai cin ƙwallon, abokin takararsa. Sauran suka biyo. Mai jan gashi ya zauna ya rufe fuskarsa da tafukan nan da suka sale, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ba ta warke a ranar ba. Har yanzu ma ba ta warke ba. Na dai gane cewa wata biyu na yi ina ɗora wa ɗan wani laifin da na kasa yafe wa kaina.

Ranar wasan na je.

Kafin a fara, sukan ɗaga wani babban allon takarda, ƙungiya ta keta ta cikinsa ta shiga fili, kyaftin a gaba. A jikin nasu an rubuta sunan ɗana. Kowa ya ɗaura baƙin ƙyalle a damtse.

Kyaftin ya keta takardar da rigar Jazuli a hannunsa. Ya zo har inda nake ya ajiye mini ita a cinya.

Ban fahimci lissafin wasan ba. An ce an cinye mu. Da wani yaro ya yi tsalle ya hau kafaɗar wani, fili ya ɗauki ihu, ni kuwa na rufe idona.

Wasan farko ke nan da na taɓa kallo a rayuwata.

Kuma ɗana ba ya ciki.

Darasi: In za ku ba mutum jagoranci, kada ku tsaya a kan abin da ya ci ranar da ake tafa masa. Ku duba inda ya tsaya ranar da ya fi masa sauƙi ya ɓuya.

Kai kuma uba, in ɗanka ya tsaya a ƙofa ya ce ka zo ka gan shi, ajiye abin da ke hannunka ka je. Ni na yi ta cewa sai wata Asabar.

Ku tura wannan ga duk uban da har yanzu ana ce masa "Baba, ka zo." Ku kuma sa Jazuli a addu'a.