Mayafin da Aka Kai Mabuga

Tun kafin zuwan Nasara, ina aure a Kebbe, na yi wani mayafi da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. Audugar gonarmu ce. Ni na gurje ta, na kaɗa zare siriri a mazari har yatsuna suka yi kanta, sannan na zauna da allura ina ƙulla shi ido-ido kamar raga. Rani guda ya cinye mini.

Da maigidana zai tafi kasuwar Tambuwal, na ba shi ya kai marina. Na ce, "Malam, rini kawai za a yi masa. Kada a buga." Na nanata har ya ce na cika surutu.

Shi kuwa da ya ga rawunan mutane suna ƙyalli a mabuga, sai ya miƙa nawa. Ƙarti suka ɗora shi a kan gungume, suka yi ta jibgarsa kamar turkuɗi, baƙin yadin nan mai ƙyalli.

Ya dawo yana murmushi, ya warware mini. Ƙyalli kam ya yi. Amma zaren duk ya tsintsinke, inda na yi ƙananan ido yanzu hannu na wucewa.

Na ɗaga masa shi ya gani. Ya dube ni ya ce, "To mi anka yi? Ai dama duk huji na."

Ni ke kaɗa zaren rigarsa ta sallah kowace shekara. A waccan shekarar, da ya tambaya, mayafin na miƙa masa, na ce ya sa ya tafi idi, ai dama duk tufa ne.